Munduwar Mai Shara

Tun asuba yake sharar filin da manyan motoci ke lodi. Dattijo ne kurma, ƙeya duk furfura. A wuyan hannunsa akwai baƙar munduwa da masu wurin suka ɗaura masa. In mota za ta yi baya sai munduwar ta kama karkarwa, ya kauce.

Motocin ba sa ƙarewa, munduwar ba ta hutawa, har ta saɓule masa fata.

"Kawu, ko Gwaggo ce ke kiranka?" in ji wani direba, yana dariya yana hawa mota.

Bai ji ba. Ya kwance munduwar, ya rataye a ƙusa. Tana can tana karkarwa ita kaɗai, shi kuwa ya sunkuya bayan tayar motar yana tara shara.