Wayar Kawu da Shanyar Inna

Kawuna mai gyaran fanka ne, amma ransa na kan rediyon da yake hira da abokinsa na hayin teku. Da abokin ya daina jin sa, sai ya auna ƙarfin saƙon a ɗaki da kan rufi, wurin eriya. Rabi ya salwanta a hanya. Muka bi wayar muna shafawa, ina tunanin inda maganganun suka tafi. Mahaɗar wayar a tsakar gida ta yi tsatsa, daidai inda matarsa Inna take shanya a kanta.

"Ashe zannuwanki ke tsotse hirata," in ji shi.

"Shi ya sa suke nauyi, Malam," in ji Inna.

Ya canza mahaɗar, ya ɗaura mata igiya. Da la'asar muryar abokin ta taso daga rediyon: "Tsoho, kana raye?"