Kwalin da Na Rubuta da Hannun Dama

Ranar Laraba da ƙarfe bakwai na safe ina fentin allon wani mai aski a ƙofar shagona a unguwar Jambutu. Sana'ata ke nan, rubuta allunan shaguna. Duk wanda ya ga harafina a Garwa ya san nawa ne, kuma ina ji da kaina a kan haka.

Ƙarfe tara wani direba ya sauke min kwalaye arba'in. Maigidansa babban ɗan kasuwa ne, yana so a tsige shugaban kasuwarmu ya ɗora ƙanensa. An ƙara kuɗin tikitin rumfa, mutane na ta gunaguni, shi ne ya samu ƙofa. Direban ya ce in rubuta koken masu rumfa a kan kwalayen da gawayi, da hannun hagu, a karkace, don a ce masu rumfa ne suka rubuta da kansu. Na karɓi aikin. Har dariya na yi.

Da la'asar Goggo Dija ta shigo da kwanon tuwo, tsohuwa mai busasshen kifi, wadda take kawo min tuwo tun rasuwar uwata. Ta ji ana cewa talakawa za su fito gobe. Ta miƙo min murfin kwalin kifinta.

"Ɗana, rubuta min 'Mun gaji'. Da kyau, irin na allo."

Na san wanda ya shirya fitowar. Ban faɗa mata ba. Na rubuta da hannun dama, da jan fenti.

Alhamis ƙarfe takwas motoci biyu suka sauke samarin da ban taɓa gani a kasuwa ba. Aka raba musu kwalayena. Masu rumfa suka bi bayansu, su kam da gaske suke. Goggo tana gaba. Goma saura kwata samarin suka fara jifa. Na ji fashewar gilashi, sai usur ɗin 'yan sanda.

"Ku watse!"

Hayaƙi mai sa hawaye ya rufe layin. Sai harbi, uku a jere, sannan ɗaya. Kafin hayaƙin ya lafa samarin sun haye motocinsu. Na hango Goggo kwance kusa da famfo. Ban ƙarasa wurinta ba. Na gudu.

Bayan azahar masu kaki suka zo shagona. Ta ramin ƙofa na ga kwalin Goggo a hannun ɗayansu, yana gwada shi da allon mai aski.

"Buɗe!"

Na haura katangar baya ba takalmi. Wani direban motar auduga ya kwantar da ni bayan kujerarsa. Da magariba muka shiga garin Kaele.

Wata huɗu ke nan ina nan. An tsige shugaban kasuwa, ƙanen ya hau, tikiti yana nan yadda aka ƙara shi. Kwalaye arba'in na hagu, ba wanda ya nemi mai su. An kai Goggo makwancinta ba ni. Kunyarta nake ji har yau. Kwanon tuwonta na ranar Laraba yana cikin shagon, ban mayar ba.