Dangwalin Rahamatu

A rugar da ke arewa da Ɗanzomo, in ka ce kana neman Rahamatu sai an tambaye ka wacce, amma in ka ce mai dangwali, nan take za a nuna maka bukkarta. Dangwali dai igiyar nan ce doguwa mai maɗaurai a jere, wadda ake ɗaure maruƙa a jikinta kafin tatsa. Kowane mai shanu yana da nasa. Abin da ya sa nata ya zame mata suna shi ne ta riƙe shi a lokacin da ba ta da ko kofato.

Mijinta Sajo ne ya tufka shi da hannunsa shekarar da aka kawo ta. Farin 1973 ya zo ya share musu garke, shanu suka yi ta faɗuwa har ungulaye suka gaji da sauka. Bayan wata guda Sajo ya bi motar 'yan kasuwa zuwa Kano, ya samu gadi a wani sito. Da farko yakan zo da salla. Daga baya sabulu da gishiri suka riƙa zuwa a madadinsa.

Da damuna ta gyaru, yayanta Haladu, wanda ya tsira da 'yan shanu saboda ya yi kudu da wuri, ya ce zai ba su aron karsana kamar yadda aka saba: su riƙe ta ta haihu, 'ya'yan nasu ne, uwar ta koma gida. Amma da sharaɗin maigida ya dawo ya karɓa da kansa. Rahamatu ta naɗe dangwalin a ƙullin kayanta ta hau mota a Gumel. A ganinta, da Sajo ya ga aikin hannunsa zai tattara tabarmarsa.

Ta same shi ya yi ƙiba kaɗan, har da agogo. Ta buɗe ƙulli, ta faɗa masa maganar karsana. Ya dubi igiyar, ya kawar da kai.

"Ki huta tukuna. Gobe zan kai ki ki ga gari."

Gari kuwa, wanda ba ya son kashe sisi ya san inda ake ganinsa. Ya kai ta gidan da ake ajiye kayan tarihi, inda shiga kyauta ce, ga inuwa ga sanyi. Ba ta yarda ta bar ƙullinta a ɗakin gadi ba, saboda ta ga kashin ɓera. Suka wuce takubba da tsofaffin ƙofofi da hotunan mutanen da ba ta sani ba, tana bin sa a baya tana kallo don kada ya ji ba daɗi. Sai a wani ɗaki na ciki ƙafarta ta tsaya. Ga ƙoran tatsa, ga maburgi, ga sandar kiwo, ga kuma dangwali an naɗe an rataye a ƙusa.

Zuciyarta ta yi sanyi, irin sanyin daɗi. Ta ɗauka gidan ajiya ne. Ashe birni ma yana da imani: wanda fari ya cinye wa dabbobi sai ya kawo kayansa a tsare masa daga gara da ɓera har Allah ya mayar masa. Ta matsa wurin mai tsaron ɗakin, wani dattijo mai kaki, ta gaishe shi.

"Malam, mai wannan igiyar ɗan wace ƙasa ne? Har yanzu bai samu shanun ba?"

"Ba mu san mai ita ba, Inna. Ta gwamnati ce yanzu."

"To, in ya samu fa, ya zo karɓa?"

Dattijon bai yi mata dariya ba. Ya ce a hankali, "Abin da ya shigo nan ba ya fita. An ajiye ne don na baya su ga yadda aka yi rayuwa a da."

A da. Ita da ta kwana da nata a ƙarƙashin kai jiya. Tsoro ya kama ta, ta ƙanƙame ƙullinta kamar wani zai fizge. Ta juya wurin Sajo don su fita, ta ga ya zuba wa igiyar bangon ido, ya daɗe bai motsa ba. Ta ji daɗi a ranta, ta ce yanzu abin ya taɓa shi. Sai ya gyara murya ya fuskanci dattijon.

"Malam, kuna karɓar wani? Muna da irinsa, ya fi wannan kyau ma."

"A'a, ɗaya ya ishe mu."

Da safe Sajo ya raka ta tasha, ya ce ta gaya wa Haladu yana tafe in abubuwa sun lafa.

Haladu ya yi faɗa, ya ce shi ba ya ba mace aron saniya mijinta yana raye, amma daga baya ya koro karsanar da kansa. Rahamatu ta kafa turaku biyu, ta miƙe dangwalin daga kudu zuwa arewa yadda ake yi. Matan ruga suna tsokanarta, wai igiyar garke guda ga saniyar da ba ta ko yi ciki ba. Ta yi kiwo, ta yi ban ruwa, ta yanko ciyawa. Tsakiyar igiyar ta fara zarewa, ta ƙi bari kowa ya gyara, ta ce mai ita yana tafe.

Ranar da karsanar ta haihu, ta ɗaure ɗan maraƙin a maɗauri na farko, ta taka har Sule Tankarkar ta ba wani direba mai zuwa Kano saƙo: a gaya wa maigida an samu maraƙi, igiya kuma tana neman hannunsa.

Kasuwa ta zagayo, direban ya dawo. Rahamatu ta tsaya tana leƙen bayan motar har fasinja na ƙarshe ya sauka. Direban ya miƙo mata wani ƙunshi: sabuwar igiyar roba ce shuɗiya, ta kanti.

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce wannan ba ta tsinkewa, ba sai an gyara ba."