Ni da Surukina da Yunwa a Granada

Shekarun baya, lokacin da 'yata ta haihu a ƙasar Sifaniya, ni aka ɗauko daga Kalgo in je in kula da jegonta. Mijinta mutumin Gwandu ne, yana karatun likitan dabbobi a wani birni da ake kira Kurtuba. Ni kuwa tsohuwar malamar firamare ce, tafiyata mafi nisa kafin nan ita ce aikin Hajji, shi ma a cikin ayari, ana kora mu kamar 'yan aji ɗaya.

Garin ya yi mini. Itatuwan lemo jere a bakin titi, 'ya'yan na zubewa ba mai ɗauka. Na tsinci ɗaya a ɓoye na ɓare, tsami da ɗaci suka kusa kwashe mini haƙora, nan na gane mutanen ba wawaye ba ne. Da rana tsaka su rufe shaguna su tafi su kwanta, sai bayan isha'i a fito neman abincin dare, har da jarirai a keke. Cinyoyin alade da suke ratayewa a shaguna kuwa, na koyi wuce su ina kallon ƙasa.

Gidan ɗaki biyu ne, amma mun san yadda muka yi da kunyarmu. Ku da ba 'yan wajenmu ba, ku sani suruki ba ya cin abinci gaban surukarsa, ita ma ba ta ci gabansa. In zan ci, ya shige ɗaki da littafi. In zai ci, in tuna ina da lazimi.

Da muka yi arba'in 'yata ta ce, “Inna, ba ku komawa Kalgo ba ku ga Granada ba.” Jaririn na mura, don haka ita za ta zauna, mijinta ya kai ni. Ta saka burodi da dafaffen ƙwai a jakarsa, ta ja masa kunne kada ya kuskura ya bar ni ni kaɗai ko nan da can. Komai ta tuna, ban da su wa ta haɗa tafiya. Ga ni da ciwon suga, na haɗiye ƙwayata da ruwan shayi kawai saboda jirgin ƙasan na sassafe ne.

Fadar da ake kira Alhamra tana kan tudu a birnin Granada, tsoffin sarakunan Musulmi na Andalus suka gina ta. Ban taɓa ganin inda aka sassaƙa bango kamar ana ɗinkin hula ba sai nan. Ruwa na gudu a 'yan ƙananan hanyoyi cikin ɗakuna, sanyi na tashi. Na ɗaga kai na ga rubutun Larabci ya zagaye bango, na karanta da kaina ba mai fassara: babu mai rinjaye sai Allah. Wallahi sai da idona ya cika. Na so a ce mahaifina na raye in ba shi labari.

Amma hawa da sauka ba sa tausayin tsohuwa. Kafin azahar cikina ya fara kira. Burodi na bayan surukina, ni ina bayansa ina kallon jakar. In buɗe baki in ce masa ina jin yunwa? Shi kuwa ya riƙe amanar matarsa gam, ko da na zaga bayi yana tsaye a ƙofa kamar dogari.

Da muka sauko cikin gari ya ce, “Inna, ko ku sha ruwa?” Ruwa ba abinci ba ne, na yarda. Muka zauna a wani ɗan gidan abinci mai tebura a waje. Ashe al'adar Granada, duk wanda ya sayi abin sha sai a haɗo masa da ɗan faranti na abinci kyauta. Mai hidimar, wani dattijo mai gashin baki, ya dire mana lemo da soyayyen kifi. Na kalli kifi, na kalli sama. Surukina ya kafa wa takalminsa ido.

Dattijon ya dawo ya tarar ba a taɓa ba. Ya dubi hijabina, ya dafe ƙirji yana zuba bayani. Surukina ya ce rantsuwa yake yi babu alade a ciki. Duk da haka dattijon ya kwashe, ya kawo wainar ƙwai da dankali. Ita ma ta huce a gabanmu. Ya koma ya kawo wani irin babban yalo da aka yanka aka soya aka yaryaɗa wa zuma. Ƙamshin nan! A lokacin gumi mai sanyi ya fara keto mini, kofin da ke hannuna yana kaɗawa, teburin yana nisa da ni. Na san alamar sarai, ta taɓa kayar da ni a Kalgo. Amma na daure, wai ni mai kunya.

Sai kawai na ga surukina ya sauka daga kujera ya tsuguna a gefena, a tsakiyar Turawa, kansa a ƙasa.

“Inna, ku yi mani gafara. Na ga hannunku na rawa. In kunka faɗi nan, mi zan ce ma ɗiyarku?”

Na ce, “To kai mi ka ci tun safe?”

Ya girgiza kai, alamar bai ci komai ba.

“Ba ni ci sai ka ci,” in ji ni.

Ya tashi ya raba abincin biyu, ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, bayansa na jingine da bayan tawa. Ni ina fuskantar tudun Alhamra, shi yana fuskantar bango, farantinsa a cinya. Na fara da mai zumar. Ban san lokacin da na share shi ba. Daga bayana kuma ina jin cokali na aiki ba ƙaƙƙautawa, sai da na danne dariya.

Dattijon ya zo a firgice, ya ɗauka faɗa muka yi. Da surukina ya yi masa bayani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce don Allah a ara masa al'adar nan, shekara da shekaru yana cin abincin Lahadi yana kallon fuskar tasa surukar. Ya ƙaro mana kifi mai zafi.

Yanzu in na tuna, ba na ganin laifin kunya, da ita aka raine mu kuma ina son abata. Amma ranar na gane ta kusa sa in jefa yaron kirki cikin tashin hankali a ƙasar mutane, kuma shi ya fi ni hankali, ya nemo hanyar da zan ci ba tare da ya ƙwace mini mutuncina ba.

'Yata da mijinta sun daɗe da dawowa gida. Har gobe in ya zo gaishe ni daga Gwandu, takalmansa a ƙofa yake barinsu, ya tsuguna nesa, ba ya haɗa ido da ni. Abinci a zaure nake aika masa kamar yadda aka saba. Abu ɗaya ne ya canza. A da, loma biyu zai yi a dawo da kwano a cike, irin na surukai. Tun daga tafiyar nan, kwanon a suɗe yake dawowa.