Don Anselmo, Mai Hana Mutum Bindigarsa

Kowace safiya Don Anselmo Etchegaray kan buɗe shagonsa a bakin garinmu, ya jiƙa ganyen shayinmu na mate a 'yar ƙwarya, ya ɗaga bututun bindiga ya leƙa cikinsa ta hasken taga. Tsagogin da ke murɗawa a ciki yake dubawa, su ne ke sa harsashi juyi in ya fita. Dogon harsashi mai nauyi yana son murɗa mai tsauri, in bai samu ba sai ya riƙa tuntsurewa a iska. A watan nan zai bar aiki, ido ya gaji.

Na daɗe ina tambayar kaina ko ya dace a yaba wa mai gyara abin kisa. Ƙanena Lisandro ne ya sa na yanke shawara.

Aladen daji ya taɓa farke wa Lisandro cinya, har yau yana ɗingishi. Da aladu suka dawo cikin masararsa, sai ya kai tsohuwar bindigar babanmu shago, tare da harsasai mafi tsawo da ya samu. Ina wurin.

"Waɗannan ba su dace da bututunka ba, ɗana," in ji Don Anselmo.

"Haba tsoho! Mai nauyi ai shi ke kisa."

"Kai ma kana da nauyi, amma ban ga abin da ka taɓa kashewa ba sai gasasshen nama."

Al'adarsa ce, bindiga ba ta barin hannunsa sai mai ita ya harbi takarda a bayan shago. Lisandro ya harba. Huda ta fito doguwa kamar ramin makulli.

"Ta gefe ya shiga. Rauni kawai zai yi wa alade, shi kuma ya zo neman ɗaya cinyar." Don Anselmo ya sa bindigar a kabad, ya kulle.

"Ta ubana ce!"

"Na san ubanka. Da shi ma kullewa zai yi."

Lisandro ya fita yana zagi. Ni kaina abin ya tsaya mini a rai: da wane iko mutum zai riƙe kayan wani, alhali amfanin gonarsa na lalacewa? Masara ta yi ta tafiya kafin sabon bututun da Don Anselmo ya aika a kawo ya iso. Tsorona shi ne ƙanena ya ari wata bindigar ya shiga daji da fushi. Matarsa Ofelia ta tare ƙofa, ya haƙura.

Da aka ɗaura bututu mai murɗa mai tsauri, huda ta fito zagaye tsaf. Ran da wani ƙaton alade ya taso wa Lisandro daga cikin ƙaya, harbi ɗaya ya yi. Ofelia ta ce da ta hango shi yana tahowa gida, sai ta zauna a ƙasa tana dariya.

Don Anselmo, kai ne ka yarda a zage ka don mai zagin ya rayu. Kai ne ka ga cewa dabba ma tana da haƙƙin mutuwa ba da azaba ba. Tambayar ikon nan har yanzu ban warware ta ba, amma ƙanena na nan, yana cin abinci a gidana ranar Lahadi.

Mun gode, tsoho. Ku kuma masu sana'a, in kun ga abin da mutum ya zo nema zai cutar da shi, ku ce masa a'a, ku jure fushinsa. Mai rai ne ke fushi.