Shekarar da Muka Tsige Ciyaman ɗin Teloli

A shekarar da Larabawa suka fara cika tituna suna korar shugabanninsu, ina ɗinki a kasuwar Bodinga, shagona yana manne da na wani mai gyaran rediyo. Maƙwabtaka da shi tana da amfani guda: labari ba ya wuce ka. Duk rediyon da aka kawo masa, sai ya gwada ta da labaran duniya kafin ya miƙa wa mai ita. A haka muka ji na Tunisiya, muka ji na Masar, ƙafa tana taka keken ɗinki, kunne yana can ƙasar Larabawa. Ranar da aka ce shugaban Masar ya sauka, na ɗinke aljihun rigar wani bawan Allah ruf, sai da na farke.

Abin ya shige mu, mu matasan teloli. Wanda ya fi kowa ɗauka da zafi shi ne wani abokina mai shago kusa da tasha, wanda muka koyi ɗinki tare. Yana da ɗan Larabcinsa na Islamiyya, saboda haka shi ne mai fassara mana har abin da ba a faɗa ba. Wata rana muna cin rake ya dube ni ya ce, "Kai, mu ma ai muna da namu."

Na gane wanda yake nufi. Ƙungiyarmu ta teloli, wadda ta haɗa na Bodinga da na Shagari da ƙauyukansu, tana da ciyaman, wani dattijo da muke kira Baba. Tun ina koyon zura zare a allura shi ne ciyaman, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya ga ranar da aka zaɓe shi ba. Ba mugu ba ne. Amma idan makaranta ta kawo ɗinkin kayan ɗalibai, shi ke raba aikin yadda ya ga dama. Ranar kasuwar Shagari kuwa, shi ke nuna wanda zai kafa kekensa a cikin rumfa da wanda zai sha rana, kuma mu matasa kullum rana ce rabonmu. Taronsa ba ya daɗewa: ya buɗe da addu'a, ya yi magana, ya rufe da addu'a, a watse. Hatimin ƙungiya yana aljihunsa tare da goro.

Ana cikin haka yayana ya dawo daga Libiya, inda ya yi shekaru yana ɗinkin labule. Ya iso da jaka ɗaya da almakashinsa, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Bayan ya huta kwana biyu na same shi a zaure, na ce ya zo ya yi wa matasanmu bayani, tunda shi ya ga juyin juya hali da idonsa.

Ya ce, "Ni rufin ɗaki na gani. Muna ɓoye, mu tara, muna jin harbi, muna cin taliya ba mai."

Na ba shi labarin abin da muke shiryawa. Ya saurara yana gyara zaman hularsa, sannan ya ce, "To, in kun cire shi, wa kunka shirya ku ɗora?"

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, jama'a za su zaɓa. Ya ce Allah shi taimaka, ya ja buta ya tafi alwala.

Shirinmu shi ne, a taro na gaba, da zarar Baba ya ɗaga hannu zai rufe da addu'a, abokina zai miƙe ya nemi a yi zaɓe, mu kuma mu mara masa baya. Har kwalaye muka rubuta, muka naɗe a cikin ragowar yadi. Ranar ta zo, bayan la'asar, a gindin dogonyaron bayan kasuwa. Baba ya gama magana, ya ɗaga hannu. Na dubi abokina, sai na ga ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba, Allah shi ƙara girma, Allah shi ja kwana. Yara ne ke roƙon arziki, ko za a yi zaɓe."

Baba ya sauke hannunsa ya ce, "Mi kac ce, ɗana?"

Na maimaita. Ya dube ni, ya dubi sauran, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro hatimin, ya hure ɓawon goron da ya maƙale masa, ya ajiye a kan tabarma.

Ya ce, "Ga shi nan. Da kun hwaɗi tun bara, da ban yi asarar damina ba. Wani shi miƙo mani takalmana."

Gaskiya mun ɗan ji haushi. Mun zo da shirin gwagwarmaya, ga kwalaye ba a ko buɗe ba. Daga baya matata ta yi fifita da nawa.

Bayan mako biyu aka yi zaɓe, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Layin abokina ya fi tsawo, don a cikin kwanakin nan labarin ya juya, har wasu suna rantsuwa cewa shi ne ya miƙe a gaban Baba. Ban yi gardama ba. Ni aka ba ni muƙamin kakakin ƙungiya, na ɗinka sabuwar riga saboda shi.

Watannin farko sun yi daɗi. Taron da a da ba ya kai shan shayi ɗaya, yanzu sai kiran magariba ke tashinsa, don kowa yana da ta cewa. Na ji muryar mutanen da na yi shekaru ina zaton ba su iya magana a taro ba. Zaman rumfar Shagari aka mai da shi ƙuri'a, har na ɗanɗana inuwa sau biyu, na ga ashe haka dattawa suke ji.

Sai wata makaranta ta kawo ɗinkin kayan ɗalibai. Muka zauna raba aikin. Wasu suka ce a raba daidai, wasu suka ce a duba ƙwarewa, telolin ƙauyukan Dandin Mahe da Mandera suka ce ai kullum mutanen Bodinga ke cin tsoka, su a bar su da ƙashi. Taro uku muka yi ba mu tsai da magana ba. A na huɗu aka gaya mana hedimasta ya gaji da jira, ya kwashe yadinsa ya kai Sakkwato.

Daga nan abokina ya ce yawan magana ne ya jawo mana, don haka ƙananan abubuwa zai riƙa yankewa shi kaɗai. Muka yarda. Sannu a hankali komai ya zama ƙarami. Aka daina ƙuri'ar rumfa, wai tana ɓata lokaci, kekensa kuma ya samu wurin zama na dindindin a tsakiyar inuwa. Da lokacin da muka yi alkawarin sake zaɓe ya yi, ya ce a bari a cire albasa, mutane suna gona. Da aka cire, ya ce a bari sai bayan Sallah, aiki ya yi yawa. Ni kuma a matsayina na kakaki, ni ke zagayawa shago-shago ina bayyana dalili, har na fara jin kunyar rigata.

A daidai wannan lokaci labaran rediyo ma sun canza. Soja sun karɓe mulki a Masar, Libiya ta rabu, Siriya kuwa ba a magana. Maƙwabcina mai gyaran rediyo, duk lokacin da aka karanta irin wannan, sai ya ƙara murya ya leƙo shagona ya ce, "Kakaki, kana ji? 'Yan uwanku ne."

Wasu dattawa suka ce a je a ba Baba haƙuri ya dawo, aka tafi da ni don ni na ɓata lamarin tun farko. Muka same shi a fadamarsa ta wajen Shagari, wando a naɗe, yana ba albasa ruwa. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta yi fes. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya yi dariya.

Ya ce, "Ni da na samu lahiya? A'a. Ku tai ku yi mashi abin da kunka yi mani. Ai kun iya."

Ya cika mana buhu da albasa, muka hau keke napep muka dawo muna wari.

A taro na gaba na sake miƙewa. Wannan karon ban kai ga buɗe baki ba sai na ji motsi a bayana. Na waiga, na ga mutane sun fi goma a tsaye, har da na Mandera, har da yayana, wanda a lokacin ya buɗe nasa shago. Abokina bai yi irin ta Baba ba. Ya ce taron ya saɓa ƙa'ida, muka ce wace ƙa'ida, ai ba mu taɓa rubuta ko ɗaya ba. Ya ce hatimi ya ɓace. Muka aika Sakkwato aka sassaƙo mana sabo. Yayana ne ya dage cewa kafin kowa ya tsaya a bayan kowa, sai an rubuta a takarda shekara nawa ciyaman zai yi, sau nawa, da yadda za a raba aiki idan ya zo. Aka rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, aka ba limamin masallacin kasuwa kwafi ya ajiye, sannan aka zaɓi sabon ciyaman.

Abokina ya yi kusan shekara ba ya amsa sallamata sai da ƙyar. Bikin sunan ɗansa ne ya shirya mu. Na je, ya ba ni cinyar rago, ba mu tada maganar ba. Tun daga lokacin mun canza ciyaman sau uku. Ɗaya ya yi ƙoƙari, ɗaya barci kawai ya yi ta yi a taro, na yanzu mutumin Mandera ne, kuma tuni an fara gunaguni a kansa. Ni na ajiye kakaki tun tuni.

Yara masu koyon ɗinki, da suka ga tsofaffin hotunan Masar a waya, sukan tambaye ni ko fitar da Larabawa suka yi ta yi amfani. Nakan ce ban sani ba, ni tela ne, kuma na taɓa yin kuskuren zaton cire mutum ɗaya shi ne aikin. Nakan tura su wurin yayana. Shi kuma ba ya son dogon bayani. Yakan ce mu Allah ya taimake mu babu mai bindiga a cikinmu, shi ke nan.

Bai sake komawa Libiya ba. Amma Balaraben da ya yi wa aiki a can yana kiransa jefi-jefi, su gaisa, ya gaya masa an samu wuta yau, ko kuma an rufe hanya. Kwanan baya ya ce idan abubuwa suka lafa yana son ya zo ya ga garinmu. Yayana ya ce masa ya zo da sanyi, lokacin da ba zai sha wahalar zafi ba, kuma ya sa aka yi wa ɗakin baƙi sabon shafe. Har yanzu dai bai zo ba.