Kunnen Gwaggo

Tun tana da ƙarfinta, Gwaggo da kunne take koyar da ɗinki. Tana can tana yankan yadi, ta ba ɗalibanta baya, sai ka ji ta ce, "Ke ta bakin taga, zarenki ya yi tauri." A duba, haka ne. In yarinya ta fitar da layi miƙaƙƙe kuwa, ba ta iya yabo da baki ba, kafaɗa take dafawa ta wuce. Akwai matan da yanzu suke da shagon kansu, har yau suna tuna ranar da hannun nan ya sauka a kafaɗarsu.

Da gwiwa ta hana ta hawa benen shagon, 'yarta ta kafa mata waya a kan teburin yanka, ta ce aji ya dawo nan. Gwaggo ta yi tsaki, ta ce ita ba ta taɓa ganin an koyi riƙon almakashi ta gilashi ba. Amma fa ɗalibai sun zo, har daga garuruwan da ba ta taɓa takawa ba, wata da goyo, wata daga tashi aiki. Wadda ba ta gane ba ta sake kunna darasin, ba mai hararar ta. Sai dai hayaniya: kukan jariri, zakara, rediyon maƙwabta. Gwaggo ta kafa doka, kowa ta kashe sautinta, mai tambaya ta ɗaga hannu.

A cikinsu akwai wadda take kira Mai Labule, don ba a ganin komai a bayanta sai shuɗin labule. Ba ta fashi, ba ta makara, amma ɗinkinta kullum tsallake yake yi, zare na tsinkewa. Gwaggo ta sa ta canza zare, ta sa ta ɗiga wa keken mai, ta sa ta matso da waya har hoton ya dushe. A banza. A ranta ta fara cewa yarinyar ba ta da hannu. Laifi tudu ne.

Ran nan bayan an tashi, Mai Labule ta ɗaga hannu.

"Gwaggo, ni dai zan haƙura. Wataƙila ba rabona ba ne."

Abin ya soki Gwaggo, domin ɗaliba ba ta taɓa barin hannunta da wannan magana ba. Tana neman abin faɗa, sai ta lura yau ce rana ta farko da ta ji muryar ɗakin nan.

"Kar ki kashe. Taka keken in ji."

Ta taka. Gwaggo ta rufe ido. Can ƙarƙashin gurnanin keken akwai wani ɗan ƙas, ƙas, ƙas.

"Allurarki ta lanƙwashe, 'yar nan, tana bugun ƙarfen ƙasa. Ba hannunki ba ne. Ni na toshe kunnena da kaina."

Yarinyar tana canza allurar, sai aka yi tari a bayan labulen, muryar tsoho ta ce a juya shi.

"Babana ne," in ji ta. "Ba ya iya tashi, shi ya sa ba na fita. Ina zuwa."

Gwaggo ta zauna tana kallon labulen. Benen shagon nan, ko da gwiwar Gwaggo lafiya, wannan yarinya ba za ta taɓa hawansa ba.

Da ta dawo ta ja ƙyalle ƙarƙashin allura, ta ɗaga shi a gaban waya. Layi ya fita sambal. Hannun Gwaggo ya tashi da kansa, ya je ya ci karo da gilashi. Ta dube shi, ta ji kewar shagonta har cikin ƙirji.

"Ɗora hannunki a kafaɗarki," ta ce.

"Na ɗora, Gwaggo."

"To, nawa ne. Gobe ki zo da wuri, kuma ki bar sautin a kunne."